Hoton Kakar Alhajin Papuwa

Shekarar da nake tsaron shagon turaren yayana a unguwar Misfala, kusa da Harami, wani alhaji ya shigo bayan la'asar, baƙi wuluk kamar ni. Na ce, "Sannu da zuwa Alhaji, Kano ko Damagaram?" Ya yi dariya, ya amsa da Larabcin makaranta cewa shi mutumin Papuwa ne, can ƙarshen gabashin Indunusiya. Na zuba masa shayi.

Daga nan kullum sai ya biyo. Wata rana ya nuna mini wani tsohon hoto a wayarsa, ya sa yatsa ya rufe tsakiyarsa. Mace ce tsaye ba riga, hannun wani Bature riƙe da ƙarfen awo a kanta.

"Kakar mahaifiyata ce," in ji shi. "Musulma ce, mu mutanen bakin teku mun daɗe da Musulunci. Da zanenta da mayafinta ta fito. Baturen ya sa aka tuɓe mata, wai sutura na ɓata masa bincike, shi mutanen farko yake nema."

"Kuma ta yarda?"

"Da sojan gwamna ya zo, ɗan'uwa."

A gidansu an san labarin, ita da bakinta ta faɗa wa 'ya'yanta. Amma ba wanda ya taɓa ganin hoton sai da shi ya shiga jami'a, ya ci karo da shi a littafin da aka ce su karanta. Babu sunanta a ƙasa, sai sunan ƙabila da faɗin goshi. Ya roƙi masu ajiyar hoton a Turai su sauke shi daga intanet, suka ce kayan ilimi ne.

Ilimi! A tuɓe uwar mutane, a auna kanta kamar kabewa, sannan a zaunar da jininta ya rubuta jarrabawa a kai? Na ce da ni ne, da na yaga littafin a gaban malamin. Ya ce ya so yin haka, amma ya daure ya karanta. Yanzu shi ke koyar da darasin, kuma duk shekara sai ya faɗa wa ɗalibai sunanta da na ƙauyensu.

Ni dai ban huce ba. Na rufe shago tun kafin magariba muka gangara Harami, ina ta faɗa a hanya, shi kuma yana ba ni haƙuri.