Kuɗin jirgina a tsakiyar tebur

Ni ban iya rubutu ba. Maƙwabciyarmu ce ke rubuta mini, wata Bakatsiniya mai karatu a jami'a, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Wankan jego ne ya kawo ni Doha. Matar ɗana na fari ta haihu, na zo da kanwa da daddawa da niyyar yin wata uku. Kafin su cika korona ta rufe hanya. Ina nan Malam, mijina, ya kwanta ciwo a Kano. Aka ce akwai jirgin da zai kwashe mutane gida, amma kuɗinsa da tsada. Ɗana ya zauna ya auna. Ya ce zazzaɓi ne, yawancin masu yinsa suna tashi, a ɗan jira. Na jira. Ta waya aka gaya mini an kai Malam makwancinsa. Ban ga ko likkafaninsa ba. A ɗaki mai sanyin na'ura na yi takaba ina kuka, har yau kuma ban daina ba. Abu ɗaya nake so: in koma in zauna a ɗakinsa, in naɗe rigunansa da hannuna.

A zaman kullen nan ne ɗan nawa ya koyi kartar da suke kira foka. An rage masa albashi a filin jirgi, sai ya wuni a kan kafet yana gwaji da ƙwallayen dabino.

Na ce, "Kai, wannan ba caca ba ce?"

Ya yi dariya. "Inna, lissafi ne. Dubi nan. Ƙwallo huɗu ne a tsakiya, aka ce in sa ɗaya in bi wasan. In kartar da nake jira tana zuwa sau ɗaya cikin huɗu, bi ya kama ni. In kuwa kartar da ke hannuna ta fi ƙarfi, sai in ƙara kuɗi, su tsorata."

"Sauran sau ukun fa?"

"Sai in sha ƙasa. Amma in tafiya ta yi nisa, ni ne da riba."

Na ce, "Wanda ke da sauran tafiya ke nan."

Bai ji ni ba, yana jera ƙwallayensa.

Hanya ta buɗe, kuɗi ba su taru ba. Sai shekarar da aka yi gasar ƙwallon duniya a nan ɗana ya ce mini an haɗa na jirgi, da zarar baƙin kallo sun ragu zan tafi. Surukata ta kai ni kasuwar Souq Waqif, na sayi turare da dabino na tsaraba. Gari ya cika da masu fenti a fuska, ni kuwa a ranar har murmushi nake musu.

Wata Juma'a bayan masallaci abokinsa ya kira shi. Wai ya yi baƙi 'yan kallon ƙwallo, aljihunsu cike, wasa ba su iya ba. Ya dawo kafin magariba, ya tsuguna a bakin ƙofata, bai cire takalmi ba.

"Inna, abin da ke tsakiya ya ninka abin da aka nema a wurina sau biyar. Karta ɗaya nake jira. Ban ma ƙara ba, bi kawai na yi, kartar ta ƙi zuwa."

"Da kuɗin wa ka bi?"

Ya sunkuyar da kai, na gane na jirgina ne. Can ya ce, "Wallahi lissafina daidai ne. Ko gobe aka ba ni wannan hannun, haka ya kamata in yi."

Wannan maganar ta fi asarar ƙona mini rai. Kalma ta zo mini har kan harshe, na haɗiye ta, don bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma yana da ƙaramar 'ya. Na ce ya tashi ya yi alwala.

Baƙi sun watse, ɗana ya ce tafiyata sai bayan azumi. Kafin azumin ƙanin Malam ya bugo waya. Ya ce sun gaji da jira, sun raba rigunan, sun sa ɗan haya a ɗakin. Ya tambaye ni ko akwai abin da nake so a ajiye mini. Na ce buzun sallarsa. Ya ce ai shi suka fara bayarwa.