Shafi na Tara a Littafin Kawu Idrissou

Da na dawo Kwatano daga karatu a Rabat, na tarar da shagon Kawu Idrissou a Zongo yadda na bar shi: kwamfuta huɗu, fanka mai ƙara, da ɗan littafin da ya rubuta da Hausa don koyar da manhajar rubutu. Ƙanen mahaifiyata ne. Shekara goma sha ɗaya yana koya wa 'yan unguwa buga wasiƙa. Duk wanda ya gama, sai ya ba shi kwafi guda, ya rubuta sunansa a wani kundi.

Abin da ban sani ba, tun da ya gama littafin ya hana kwamfutocinsa sabuntawa. In saƙon sabuntawa ya fito, sai ya danna a'a. "Littafina daidai yake," in ji shi, "kada su ɓata min."

Wata Litinin ɗalibarsa Larai ta shigo rai a ɓace. Bazawara ce mai 'ya'ya biyu, tana neman aikin sakatariya a wani kamfanin shigo da kaya a Ganhi. A gwaji an ce ta buga wasiƙar da ba ta wuce kalma ɗari biyu ba.

"Malam, shafi na tara ya ce in duba ƙasan allo ta hagu, zan ga yawan kalmomi. Na duba, wayam! Ina ƙirgawa da yatsa lokaci ya ƙare."

"Kin duba da kyau kuwa?"

"Saura kaɗan in ari tabarau ɗin madam mai gwajin."

An dai ce ta koma ran Alhamis ta sake gwajin.

Na buɗe tawa kwamfutar na nuna masa sabuwar manhajar. Zirin nan na ƙasan allo ya canja: lambar shafi kawai yake nunawa, yawan kalmomi kuwa sai an danna zirin an zaɓa. Kawu ya daɗe yana kallo.

"'Yar Rabat, ashe ni na kayar da ita."

"Kawu, masu manhajar ne suka canja."

"Su suka canja, ni na ƙi dubawa."

Ranar ya bar kwamfutocin suka sabunta. Ya zaunar da Larai ta yi ta maimaitawa har hannunta ya saba. Sannan ya ɗauki biro da rula ya zana sabon zirin, ya rubuta layi uku na bayani a ƙarƙashi. Na ce a sake buga littafin kawai.

"Na hannun mutane fa?"

Ya yi kwafin gyaran, ya yayyanka da almakashi, ya ɗauki kundinsa da kwalbar gam. Kwana biyu yana bin sunaye, daga Chaïbou dillalin shanu har wata mai atamfa a kasuwar Saint-Michel, yana manna gyaran a shafi na tara da hannunsa.

Ran Alhamis da la'asar Larai ta sauko daga babur tana dariya. Sun ɗauke ta aiki.

"Amma Malam, shafi na sha biyu ma, maɓallin ajiyewa ya tashi daga inda ka ce."

Kawu ya yi hamdala, ya ce in miƙo masa rula.