Goɗiyar Yaya Rodwell

Yayana Rodwell mutum ne mai haƙuri da kowace irin dabba, bakinsa ne kawai ya kasa sa wa linzami. Ni ce ƙanwarsa Delcina, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma rumfar da nake soya kifi tana kallon turkensa a gaɓar kudu ta tsibirinmu na Providencia. Duk abin da zan faɗa a kansa da idona na gani. In ya ji haushi ya zo ya same ni, ya san inda nake.

Tun yana yaro jininsa bai haɗu da teku ba. Mazan gidanmu duk masunta ne ko ma'aikatan jirgin ruwa, shi kuwa da ya taka kwalekwale sai amai. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji, ya bar shi da dawakai. Ya yi noman rogo da ayaba a kan tudu, ya yi dakon yashi da siminti a bayan doki lokacin da motoci ba su yi yawa ba. Sai da baƙi 'yan hutu suka fara cika gaɓa sannan ya dace da sana'ar da ta karɓe shi: ya ɗora baƙo a kan doki, ya ja shi a bakin ruwa, ya dawo da shi lafiya.

Dawakai da yawa sun wuce ta hannunsa, amma Canela daban ce. Jar goɗiya ce mai farin goshi. Uwarta ta mutu wajen haihuwarta, shi ya raine ta da madarar gwangwani a kwalba. A shekarar babbar guguwa, sa'ad da rufin gidaje ke tashi sama, matarsa Ulrica da 'ya'yansu a banɗakin siminti suka ɓuya, shi kuwa yana ɗakin girki rungume da wuyan goɗiya. Har yau in sun yi faɗa sai Ulrica ta tuna masa.

Aikinsu kullum iri ɗaya ne. Baƙo zai fito daga ninƙaya ko daga kallon kifaye a jirgi mai gindin gilashi, rana ta dafa masa kafaɗu sun yi jawur, ya hango goɗiya ya ce shi ma sai ya hau. Rodwell zai tallafa masa ya hau, ya riƙe igiya, su bi bakin ruwa a hankali. Za su wuce rumfata, su wuce mai hayar gilashin ninƙaya, har su kai wata bishiyar kwakwa da guguwar nan ta karkatar ba ta tumɓuke ba, ta miƙe a kan ruwa kusa da ƙarshen gaɓa. Nan ake tsayawa. Rodwell ya karɓi wayar baƙon, Canela ta juya gefe ta ɗaga kai, a ɗauki hoto, sai ya ciro guntun mazarƙwaila daga aljihu ya sa mata a baki. Shekara da shekaru suna haka, safe da yamma.

Ranar Asabar kuma gaɓar ta 'yan tsere ce. Doki biyu ake saki, ba sirdi, daga wajen duwatsu har ƙarshen yashi, mutanen gari da baƙi su yi layi suna ihu. Canela ta yi zamaninta a tseren nan kafin guguwa, ta ci har aka daina kawo mata abokin karawa. Daga baya Rodwell ya ce ya isa haka, ba ya son ta karye, ya mayar da ita ɗaukar baƙi kawai.

Bakin nasa ya jawo masa ne a teburin wasan domino da ke bayan rumfata. Wani ɗan kasuwa daga babban tsibirin San Andrés, Mista Pomare, mai son tara dawakan tsere, ya zo hutu ya zauna wasa da Rodwell da tsofaffin garin. Ya dubi turke ya taɓe baki.

"Tsoho, wannan ce goɗiyar da ake cika mini kunne da labarinta? Ai na ga ta zama kujerar masu tumbi."

Rodwell ya buga domino a tebur har kofuna suka yi tsalle. "Kujera? Ko da matar fasto a bayanta da jakar hannunta, ba dokin da zai sha gabanta a tsibirin nan. Har da naku na can masu tsoron jiƙa kofato."

Aka kwashe da dariya. Mista Pomare bai yi ba.

"To shi ke nan. Asabar mai zuwa a haɗa ta da baƙin ingarman nan da ke cinye kowa. In ta ci, na saye ta. Faɗi kuɗinka."

Rodwell ya faɗi kuɗin da zai sayi jirgin kamun kifi da injinsa, don mutumin ya ji kunya ya ja da baya. Sai kawai Mista Pomare ya miƙo hannu.

Daga bakin kasko na ƙwalla masa kira: "Yaya, mayar da hannunka aljihu!"

Ina! Idanun maza na kansa. Ya kama hannun.

A nan, wanda ya yi musafaha a teburin domino ya warware, ya gama zama cikin maza. Tsibirin ƙarami ne, babu inda mutum zai kai fuskarsa, a coci ma bencinsa zai yi masa faɗi. Rodwell ya san haka tun kafin ya saki hannun. Ya kuma san Canela za ta ci, don ya fi kowa sanin ƙafafunta.

Makon nan ya rame. Ulrica ta dafa masa rondon, kifi da rogo da doya a cikin madarar kwakwa, abincin da ko yana zazzaɓi ba ya mayarwa, ya juya cokali ya tashi. Ta ce ya ce goɗiyar ta gurɗe. Ya ce kowa na ganinta tana takawa lafiya lau. Wani ya ba shi shawara ya cika mata ciki da ruwa da ɗanyar ciyawa ranar tseren, ya ce shi ba zai cuce ta da hannunsa ba. Shi ma Mista Pomare ba yaro ba ne. Ya aika aka kawo masa mahayinsa daga San Andrés, wani siriri mai bulala, ya ce mahayin ne zai hau Canela, kada wani ɗan gari ya ja mata linzami a ɓoye.

Ranar Alhamis Rodwell ya zo ya zauna a bencin rumfata, abin da ba ya yi in akwai baƙi.

"Delcina, kin san can a kan siminti suke ɗaure doki? Ba ta taɓa kwana a siminti ba. Kuma ba ta shan ruwan bokitin roba, wa zai gaya musu?"

"Da ka tuna da bokiti kafin ka buɗe wannan bakin naka mai kama da ƙofar kanti."

"Ki zage ni, na cancanta."

Na so in ƙara, amma na fasa. Tausayinsa ya kama ni, na zuba masa kifi na ce sai ya cinye kafin ya tashi.

Asabar ta zo, gaɓa ta cika maƙil. Kiɗa na tashi, masu sayar da ruwan kwakwa na ciniki, baƙi sun jeru da wayoyinsu. Duk garin na bayan Canela, don kowa na son a kunyata mutumin San Andrés, ba wanda ya tsaya tunanin abin da cin nata zai jawo. Rodwell kaɗai ke tsaye a jikin rumfata yana motsa leɓe. Ban taɓa ganin mai doki yana roƙon Allah dokinsa ya faɗi ba sai ranar.

Aka saki dawakan. Canela ta fito kamar dama jira take yi, yashi na tashi a bayanta. Kafin su iso rumfata ta ba ingarman rata, da suka wuce mai hayar gilashi ratar ta ninka. Mutane na tsalle suna kiran sunanta. Rodwell ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ni kaina na ce shi ke nan, ta tafi.

Sai ta iso gindin karkatacciyar kwakwar nan. Ta dasa ƙafafunta huɗu a yashi ta tsaya cak. Mahayin, da yake ba sirdi, ya wuce ta saman kanta ya faɗa ruwa tsundum. Ita kuwa ta juya gefe, ta ɗaga kai, ta tsaya tana jira. Baƙin ingarma ya zo ya wuce ta ya kai ƙarshen yashi shi kaɗai.

Dariya ta ɓarke a gaɓar, har wasu suka kwanta a ƙasa. Baƙi sun ɗauka cikin wasan ne, suka yi ta ɗaukarta hoto suna tafi. Ba wanda ya yi tunanin wannan a cikinmu, don tun da ta fara aikin hoto ba a ƙara sa ta a tsere ba. Daga baya wasu sun ce Rodwell ya sani. Ƙarya ne, ni na ga yadda ya yi makon nan.

Na fizge hular daga fuskarsa. "Yaya, buɗe ido! Ta tsaya!"

"Ta karye?"

"Hoto take jira, wawa!"

Mahayin ya fito daga ruwa a fusace ya tsula mata bulala a cinya. Rodwell, mai ciwon gwiwa, wanda ke hawa matakalar coci da ƙyar, ya ruga a guje ya riƙe bulalar kafin a ƙara ta biyu. Mista Pomare ya iso yana huci, ya ce wannan ba tsere ba ne, a sake. Tsofaffin teburin domino suka taso masa. Mafi tsufansu ya ce, "Mista Pomare, da kunnenmu muka ji. Cewa ka yi in ta ci. Ta ci?"

Ya dube su, ya dubi goɗiyar. "Riƙe abinka, tsoho. Wannan ai jaki ne."

"Jaki ne ƙwarai," in ji Rodwell. "Don Allah in ka koma ka gaya wa kowa."

Kifina ya ƙone ƙurmus a kasko, ban ko damu ba. Ji na yi kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Rodwell ya ja Canela cikin ruwa yana wanke mata shatin bulalar da tafin hannu. Yana cikin wankewa sai ya zauna daɓas a cikin teku da wandonsa da takalminsa, igiyar na hannunsa, yana kuka. Rabon da in ga hawayensa tun ranar da muka binne mahaifiyarmu.

Na je bakin ruwa na ce, "Yaya, tashi mana, mutane na kallo."

"Bar su su kalla, Delcina," ya ce yana share fuska da jiƙaƙƙiyar riga. "Gida za mu, ni da ita."