Ranar da Aka Tantance Malam Kabo

Daudu ɗan Malam Kabo na Zakka ya shekara shida yana yi wa wani Fada, limamin coci, girki a Gusau. Ya dawo a kakar 1938, ba abin da ya zo da shi sai gajeren wando da labari guda: wai 'yan Katolika ba sa kiran mamaci waliyyi sai an zauna an ji shaidu, an tabbatar da karamarsa, an kuma naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa tono aibin mamacin.

Uban nasa ya shekara biyu da rasuwa, kuma gari ya riga ya fara ce masa waliyyi, domin sau uku dogarai suka zo ɗibar mutane aikin hanya, sau uku ya ɓace musu. Da Daudu ya kama bakinsa, da maganar ta zauna. Amma shi so yake a tabbatar a bainar jama'a, a riƙa ce masa ɗan waliyyi.

Shaidu bakwai suka samu ba wahala. Mai tono aibi ne ya gagara. Liman ya ce mamaci sai addu'a. Kowa ya noƙe. Sai Daudu, da wayonsa na gidan Fada, ya tafi wurin tsohuwa Kande, taubashiyar marigayin, wadda al'ada ta ba ta damar tsokanarsa da rai ko ba rai. A tunaninsa za ta ce Kabo ya cika son fura, a yi dariya, a shafa fatiha.

Ranar Laraba da hantsi aka taru gindin tsamiya. Shaidu suka gama. Daudu ya gyara zama ya ce, "Gwaggo, ko kina da abin faɗi?"

"Ɗan nan, da gaske in faɗa?"

"Ka'ida ce, Gwaggo."

"To, ɓacewar nan, a rumbuna yake yin ta. Ni nake tura shi ta gindi, ga nauyi kamar jaki. Na ukun har maiwata ya cinye ɗanya."

Babu wanda ya yi dariya. A cikin shaidun akwai mutum huɗu da suka fasa dutse wata biyu a madadinsa. Ɗayansu, Uwaisu mahauci, ya dubi tafin hannunsa, ya tashi. Sauran suka bi shi.

Daudu ya ƙara shekara ashirin a Zakka yana suyar ƙosai. Ɗan Mai Rumbu ake kiransa, kuma yana amsawa.