Ranar da Aka Kira Baba Gusau

Shekarar da noma ya gagara a yankinmu, teburin shayin Baba a Tsafe ya koma majalisa. Manoman 'Yandoto da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu nan suke zama da safe, har suka kafa ƙungiya don kai kuka gaban hukuma. Cikinsu akwai wani tsohon direba da ke rantsuwa cewa jirage ne ke sauke wa ɓarayin daji makamai. Ba mai biye masa.

Sai wani baƙo ya fara zuwa. Ya sayi shayi ya bar shi ya huce, wayarsa kife a gwiwa, ba ya sa baki. Ba a jima ba aka aiko wa Baba ya je wani ofishin jami'an tsaro a Gusau. Ni na kai shi a babur, aka tsayar da ni a ƙofa. A hanyar dawowa ya ba ni labari.

Jami'in ya ce masa, "Baba, ba ka yi laifi ba. So muke ka riƙa gaya mana masu zuga mutane, musamman mai zancen jirgin nan."

Baba ya ce, "Ɗansa anka kashe a gona, shi ya sa muke ƙyale shi. Mu kuwa yunwa ka zuga mu."

"Teburinka a bakin titi yake fa. Ana iya tashinsa."

Inna ta roƙe shi ya kama bakinsa. Washegari ya jira benci ya cika, baƙon ya zauna, sannan Baba ya miƙe ya faɗi duk yadda aka yi da shi. Ya dubi baƙon ya ce, "Malam, juyo wayar taka ta ji da kyau. Ba mu da abin ɓoyo."

Sai wani manomi ya matso ya faɗi sunan ƙauyensu da shanun da aka kora masa. Wani ya karɓa. Tsohon direban ma ya zo, bai ambaci jirgi ba, sunan ɗansa kawai ya yi ta faɗi. Baƙon ya tashi yana gumi.

An tashi teburin kuwa, wai ya tare hanya. Muka kwashe kofuna muka kafa shi a ƙofar gidanmu. Ciniki ya ragu, Inna ta daɗe tana fushi, amma ƙungiyar ba ta watse ba. Da suka tafi Gusau kai kukansu, Baba ne a gaban mota.