Amsar da Na Ba Ɗan Ƙanwata a Zaman Makoki

Lokacin da abin nan ya faru na riga na manyanta, na dawo Daura na zauna bayan na ƙarar da ƙuruciyata a ƙasashen mutane. Na yi dako a Sudan, na tsare wa wani Ba'indiye kantin yadi a Jidda, shi ne kuma ya tafi da ni garinsu na yi shekaru a can. Ina jin Larabci da Turanci da Indiyanci, ga ɗan Faransancin da na tsinta a Damagaram. A majalisarmu ta ƙofar gida, duk abin da aka ji a rediyo ni ake juyowa a tambaya, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin haka fiye da yadda ya kamaci dattijo.

A Indiya ne na san wani tsoho mai sayar da littattafai, wanda yake bin wata hanya da suke kira tiyosofi. Ya ce mini kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta hikimar Ubangiji. A ganinsu kowane addini ɓawo ne, ƙwayar da ke ciki guda ɗaya ce, kuma ba da karatu ko gardama ake kai wa gare ta ba, sai da idon zuci. Suna kuma cewa rai ba ya zuwa duniya sau ɗaya, yana ta dawowa cikin sabon jiki har ya tsarkaka. Na riƙa gwada maganarsu da ta sufayenmu, domin su ma suna zancen zahiri da baɗini da sanin Allah. Amma sufi ba ya sakin shari'a, yana da shehin da ke riƙe da hannunsa, kuma bai taɓa cewa wanda aka binne zai koma cikin wata mace ba. Ban taɓa yarda da zancen dawowar ba. Na dai ajiye shi kamar tsarabar da ake fito da ita in an yi baƙi.

Ina da ɗan ƙanwa, manomi ne a wani ƙauye wajen Zango. Sun daɗe shi da matarsa ba su samu haihuwa ba, sai Allah ya ba su ɗa namiji. Yaron ya fara tafiya ke nan zazzaɓin damina ya ɗauke shi. Na je zaman makoki, da mutane suka tashi sallar la'asar sai ya matso kusa da ni, ya ce Kawu kai da ka ga duniya, yanzu yaron nan yana ina. Amsar tana bakin kowane Musulmi: yana wajen Ubangijinsa, kuma ana fatan ya ceci iyayensa. Amma na ga kowa ya riga ya faɗa masa haka tun safe, ni kuwa ina son tawa ta bambanta. Sai na ba shi labarin tsohon nan, da zancensu na cewa rai yana sake jiki kamar yadda mutum ke sake riga. Na ƙara da cewa haka dai su suke faɗa. Ya saurare ni bai ko ƙifta ido ba, ni kuma na ɗauka na sanyaya masa zuciya.

Ashe a makon da yaron ya rasu an yi haihuwa a gidan wani maƙwabcinsu, jaririn kuma yana da tawadar Allah a bayan kunne, kusa da inda ta marigayin take. Ɗan ƙanwata ya fara zuwa gidan da sabulu da 'yan riguna. Masu gidan suka ɗauka tausayi ne, suna ba shi yaron ya riƙe a zaure. Daga baya suka ji yana kiransa da sunan mamacin. Rannan da hantsi, uwar tana daka, ya saɓa yaron ya tafi da shi gida don matarsa ta gane ɗanta. Uwar ta fito tana kururuwa an sace mata ɗa. Kafin a gane wane ne, samari sun fasa masa baki, matarsa kuma ta faɗi a tsakar gida.

A gaban mai gari ya ce shi bai saci ɗan kowa ba, Kawunsa da ya zauna a Indiya ne ya sanar da shi. Aka aiko mini da babur. Na tarar da shi zaune a ƙasa, rigarsa duk jini. Mai gari ya ce Alhaji, da girmanka, mu da muke aiko maka 'ya'yanmu su gaishe ka. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne kare kai: na ce ai na gaya masa maganar wasu ce. Sai ɗan ƙanwata ya ɗago ya ce Kawu, shi ba labarin wasu ya tambaye ni ba, ɗansa ya tambaya. Ya ce in faɗa masa a gaban kowa, yaron ya dawo ko bai dawo ba. Na ce bai dawo ba, ba zai dawo ba, kuma ni kaina ban taɓa gaskata haka ba. Kukan da bai yi ranar jana'iza ba a nan ya yi shi. Na sa mutum ya binne ɗansa sau biyu.

An yafe masa, amma ya sayar da gonarsa ya koma wajen Dutsi, domin ba ya iya wucewa ta ƙofar gidan nan. Duk sallah yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni. Bai sake tambayata komai ba, ko farashin gero.

Ban ce sanin abin da wasu al'ummai suka yi imani da shi laifi ne ba. Har gobe in mai neman ilimi ya tambaye ni mene ne tiyosofi zan yi masa bayani, in nuna masa inda ya rabu da addininmu. Amma ku 'yan'uwana da kuka yi yawo, da ku yaran da kuke tsintar irin wannan a waya, ku dubi wanda ke gabanku kafin ku buɗe baki. Mai makoki duk abin da aka miƙa masa kamawa yake yi. In ya tambaye ku, ku faɗa masa abin da ku kanku za ku so a faɗa a kan kabarinku, in ba ku da shi ku yi masa addu'a ku yi shiru.