Yadda Sunan Kakana Ya Hau Siminti

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yau sai in yi ta neman carbina alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai rana guda da ba za ta taɓa fita daga kaina ba, kuma ko na so in manta da ita, mutanen Matameye ba za su bar ni ba. Ita ce ranar da na raka kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, kallon tsohon filin daga, na dawo da abin da ban je nema ba.

Shekaru kaɗan ke nan kafin Nasara su tattara nasu-ya-nasu su bar mana ƙasa. Ni kuwa a lokacin sabon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kowa a gari mushe yake ce mini, malam ke nan da Faransanci, tsofaffi ma da suka ga ranar sunana. Abu biyu ne suka kumbura mini kai. Na farko Faransanci, wanda nake zubawa ko ba a tambaye ni ba. Na biyu kakana, mahaifin babana, wanda ake wa laƙabi da Riga-doki. Ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni, babana ma ya bi shi ina ƙarami. Abin da na taso na tarar shi ne, duk bikin da na shiga sai maroƙa su ɗaga murya: “Jikan Riga-doki, wanda mahaya suka gani a gabansu!” Akwai ranar da daɗin wannan kirari ya kwashe ni har na tuɓe babbar rigata na miƙa wa maroƙi, na koma gida da 'yar shara.

Ma'anar sunan ni na gina wa kaina ita. Na san dai kakan nawa dakare ne, da ƙafa ya je yaƙi, ba shi da doki. Sai na ce ai shi ke nan, ranar da aka gwabza ya riga masu dawakai isa kan abokan gaba. Ba wanda ya faɗa mini haka, ba kuma wanda ya ce mini ba haka ba ne. Kakata, matarsa, tana nan da ranta a gidanmu. Duk lokacin da na zauna ina ba ta labarin jaruntakar mijinta, kamar ni na aure shi ba ita ba, sai ta ce “Uhm,” ta ci gaba da kaɗin audugarta.

Ana haka aka kawo mana sabon kumandan, wani siririn Nasara mai son tsofaffin kaya. In ka kai masa tsatsattsen takobi ko karyayyiyar likkafa, ka gama saye zuciyarsa. Ya ji labarin wani fili da ke kudu da gari, wajen hanyar Ɗan Barto, inda mutanenmu suka yi karo da wasu mayaƙa tun kafin Nasara su shigo ƙasar. Har a lokacin manoma kan tono kan kibiya a wurin in suna huɗa. Sai ya ba da oda a kewaye filin da duwatsu, a shafa musu farar ƙasa, a dasa itatuwa, a kuma gina ginshiƙin siminti a tsakiya domin masu zuwa kallo. Abu ɗaya ya rage masa, sunan jarumi guda daga cikin mutanen ƙasar da za a rubuta a jikin ginshiƙin.

Tafintansa kuwa kurkunu ya kwantar da shi, ko tsayawa ba ya iyawa. Aka aiko gardi, ɗan sandan kumandan, lakwal ya kira ni in riƙe masa aikin. Tun a biro, wato ofishinsa, kafin ma kumandan ya rufe baki, na ce masa ya daina wahalar nema, jarumin da yake so jikansa ne ke tsaye a gabansa. Na zayyana masa labarin da ni kaina na ƙera, har da ƙarin gishiri. Ya yi murna, amma ya ce yana so ya ji daga bakin wanda ya ga yaƙin da idonsa. Na ce ai wannan shi ya fi. Na faɗa da dukan zuciyata, don ina ganin shaida ce za ta ƙara mini tsawo.

Ranar tafiya, bayan an gama cire gyaɗa ne, na sha farin wando da takalmi mai igiya, na shiga gaban mota kusa da direba. Mai gari da dattawa tun da sassafe suka yi gaba a kan dabbobinsu. Da muka isa na ɗan ji ba daɗi, don a kaina filin daga wani wuri ne mai kwarjini. Abin da na tarar tsohuwar gonar gero ce, ga karare a zube, ga suri biyu, ga tsamiya guda, awaki na kiwo abinsu. Duk da haka ban karaya ba. Na riƙa nuna wa kumandan da yatsa, nan mahaya suka tsaya, can maharba suka durƙusa, ta wajen tsamiyar nan kakana ya kutsa. Yana rubutawa a ɗan littafinsa, ni kuma ina ƙirƙirowa. A tsakiyar filin magini na tsugune ya gama shafe fuskar ginshiƙi da ɗanyen siminti, yana riƙe da ƙusa, yana jiran a faɗa masa suna kafin ya bushe.

Can sai ga shi an taho da shaidar a kan jaki. Wani tsoho ne tukuf daga wani ƙauye wajen Tsauni, haƙori ɗaya ya rage masa a baki, amma idonsa tar. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar tsamiya. Bai san ni ba, ni ma ban san shi ba. Na durƙusa na gaishe shi.

“Baba, kumandan na tambaya, ko ka san wani da ake ce wa Riga-doki?”

Tsohon ya dube ni, ya dubi kumandan, sai ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa.

“Riga-doki! Allah ya jiƙan maza. Ɗana, wa zai manta da shi? Ai tun da nake ban ga mai gudu irin mutumin nan ba.”

Na ce, “Wajen shiga cikin abokan gaba ke nan, ko Baba?”

“Wane abokan gaba? Wajen gida dai! Bindigar farko da ta tashi, mutumin nan ya yar da garkuwa, ya yar da mashi, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Da abin ya ɓaci, masu dawakai su ma suka juya linzami. To, wallahi da sukuwa suka taho, amma suna isa ƙofar gari suka iske shi zaune ya riga ya sha rabin ƙwaryar fura. Daga ranar sunan ya bi shi.”

Wani daga cikin dattawa ya yi gyaran murya. Mai gari ya shiga gyara rawanin da ba abin da ya same shi. Ni kuwa da ƙyar na iya cewa, “Baba, anya ba wani kake nufi ba? Yaya aka yi ka tabbatar?”

“Yaya kuwa ba zan tabbatar ba, ni ke bin sa a baya? Ƙeyarsa na riƙa kallo har ta ɓace mini. Waɗanda suka tsaya ai ba su suka kawo labari ba, suna nan ƙarƙashin inda kake tsaye.”

A nan ne wani ya sunkuya ya raɗa wa tsohon cewa jikan mutumin ne ke masa tambaya. Na zaci zai ji kunya ya gyara zance. Ina! Sai ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan ƙafafuna, ya gyaɗa kai ya ce, “Ai kuwa ga su nan, dogaye. Ba a yi asarar iri ba.” Dariyar da mutane ke ta dannewa ta ƙwace. Har magini sai da ya ajiye ƙusarsa ya riƙe ciki.

Mutum ɗaya ne a filin nan bai ji abin da aka ce ba, kuma shi ne mai iko da ƙusar. Kumandan ya juyo da alƙalami a hannu, ya ce, “Me ya ce?” Kowa ya zuba mini ido, don kowa ya san ƙofa ɗaya ce tsakanin bakin tsohon da kunnen Nasara, ni ne kuma ƙofar. Da na ce masa kuskure na yi, a nemi wani sunan, da an yi mini dariyar mako guda an wuce wurin. Na san haka sarai a lokacin. Amma na tuna yadda na cika baki a biro, na ji ba zan iya haɗiye shi a gaban Nasara ba.

Sai na gyara tsayuwa na ce masa da Faransancina mai kyau: “Ya ce bai taɓa ganin mai zafin nama irinsa ba. Ya ce a ranar shi ne a gaban kowa, masu dawakai ma ƙeyarsa kawai suka gani. Ya ce shi da kansa ya bi bayansa amma ya kasa cim masa.” In ka bi maganar nan kalma-kalma ba za ka kama ni da ƙarya ba. Wajen da aka dosa kawai na cire. Kumandan ya tambayi abin da ya ba mutane dariya, na ce daɗin tuna mazan jiya ne. Ya kama hannuna ya girgiza, ya kama na tsohon ya girgiza, sannan ya sa na rubuta wa magini sunan a ƙasa harafi-harafi, shi kuma yana kwafa da ƙusa a jikin siminti. Kafin mu bar wurin ya fara bushewa.

Labari ya riga motarmu isa gari. Ranar kasuwa ta zagayo, na kasa ratsa rumfar mahauta. “Mushe, sannu da sauri!” “Mushe, a hankali dai, ba a saki bindiga ba!” Sai a lokacin na gane maroƙan nan ma ba su taɓa yi mini ƙarya ba, mahaya sun gan shi a gabansu ɗin. Ni ne na riƙa ba da tukuici ana yi mini ba'a. Baƙin ciki ya cika ni, na rasa wanda zan sauke wa, sai na nufi ɗakin kakata da fushina.

Na ce, “Iya, kin san da wannan duk shekarun nan, kika bar ni ina ta tallar kaina?”

Ba ta ko ajiye mazarinta ba. Ta ce, “Angona, ka taɓa tambayata? Kullum kai ke ba ni labari.”

Na ce ai mijinta ya ja mana abin kunya har jikoki. Nan ta ɗago kai. Ban taɓa ganin idonta haka ba.

“Ina da cikin ubanka wata bakwai ranar da aka fita. Ni na ce masa in ya mutu ya bar ni ban yafe ba. Ya gudu, ya dawo, ya yi noma ya ci da mu. Har ya koma ga Allah, in an kira shi da sunan nan amsawa yake yana dariya, bai taɓa ce wa kowa ya tsaya ba. Ba ni jin kunyarsa.” Ta ajiye mazarin. “Amma yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya tsaya. Yana can cikin filin, ko gawarsa ba mu gani ba. Da Nasara ya ce a kawo sunan namiji guda, kai ne bakin garin nan. Sunan wa ka ba shi?”

Ban ma san tana da wa ba, balle in san sunansa. Shekara ashirin da wani abu ina zaune gida ɗaya da matar da ta san komai, ban taɓa rufe bakina na saurare ta ba. A ranar na yi kuka, kuma ba don ba'ar mahauta ba.

Na so in ce muku washegari na koma biro na warware zancen. Ban koma ba. Kullum sai in ce gobe, har aka ɗauke kumandan aka kai shi wata ƙasa da littafinsa, kakata kuma ta rasu damina biyu bayan haka. Ginshiƙin ya daɗe a tsaye. Baƙi kan tsaya su karanta sunan da girmamawa, 'yan gari kuma su kau da kai suna murmushi.

Abin da na koya, duk kirarin da ka gada, ka tambayi tsofaffin gidanku inda ya samo asali tun suna da rai, kafin ka ɗauka ka kai kasuwa. Na kuma daina saurin kiran wani matsoraci. Kakana ya ji ƙarar bindiga ya gudu, ya kuma amsa sunan gudunsa har ya mutu. Ni tambaya ɗaya aka yi mini a filin nan, ba kibiya ba mashi, na kasa tsayawa.